Kwafin Da Ba Ka Taɓa Gwadawa Ba, Ba Kwafi Ba Ne

A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye aikinsu, yana gyara da daddare sai ya ba da umarnin goge bayanai a kan sabar da ba ita ba. Ya zaci ta biyu ce, ashe babbar ce da kowa ke amfani da ita. Kafin ya ankara ya tsayar, daga cikin kusan gigabait 300 saura kamar 4.5 kawai. Kamfanin na da hanyoyi biyar na ajiye kwafi, amma da aka duba, babu ɗaya da ke aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin sa'o'i shida kafin nan don wani gwaji daban. Abin da aka shigar a waɗannan sa'o'i shida kuwa ya tafi har abada, ciki har da sababbin asusun mutane kusan 700.

Idan haka ta faru da kamfanin da sana'arsa ke nan, me zai hana ta faru da kai mai hotunan biki da takardun makaranta a Google Drive? Ra'ayina shi ne: dawo da fayil ɗin da aka goge ba ya farawa bayan an goge shi. Tun kafin nan ake yanke hukuncin ko zai dawo ko ba zai dawo ba.

Ga dalili. Idan ka goge fayil a faifan kwamfuta irin na da, ba a share shi nan take. Sunansa kawai ake cirewa daga jerin, a ce wurin da yake zaune ya zama fili. Muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba, ana iya tono shi. Amma saba ba ta hutawa. Kowane lokaci tana karɓar sabon abu, kuma filin nan da aka saki shi ne za ta cika. Faifan SSD ya fi haka tsanani, domin akwai umarnin TRIM da ke sanar da shi ya share wuraren da aka saki. Wayarka kuma tana ɓoye bayananta da mabuɗin sirri. Shi ya sa manhajojin nan da ke cika baki cewa za su dawo maka da komai sukan kawo maka ƙananan hotuna marasa kyau kawai, waɗanda wayar ta ajiye don nunawa da sauri.

Wani zai ce ai shi nasa na sama, a intanet yake. To, a nan ne da yawa ke ruɗuwa. Daidaita fayil tsakanin waya da saba abu ne daban da ajiye kwafi. Idan ka goge hoto a Google Photos ko iCloud, gogewar tana bin sa zuwa sauran na'urorinka. Abin da ke tsakaninka da asara shi ne kwandon shara, kuma yana da wa'adi: Google Drive na zubar da nasa bayan kwana 30, iCloud ma yana riƙe hotunan da aka goge na kwana 30. Kwafin WhatsApp kuwa sabo ne ke maye gurbin tsoho, don haka idan ka goge hira kuma wayar ta yi sabon kwafi, wanda ke ɗauke da hirar ya tafi.

Tarihin Pixar ya nuna abin da ke aiki. A 1998, ana tsaka da haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani ya ba da umarnin gogewa a inda ba daidai ba, kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin suka ɓace. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya sani. Galyn Susman, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan fasaha, ta haihu ba da jimawa ba tana aiki daga gida, kuma kwamfutarta ta gida tana ɗauke da kwafin aikin. Da wannan aka farfaɗo. Kwafin ya tsira ne saboda yana wani wuri da umarnin bai kai ba.

Saboda haka idan abin ya riga ya faru, ka dakata da saka sabon abu a wurin, ka fara duba kwandon shara da tsofaffin sigogin fayil ɗin. Idan sabar ofis ce ko ta makaranta, ka gaya wa mai kula da ita nan take. Jin kunya na awa biyu na iya sa a rubuta wani abu a kan fayil ɗin.

Idan kuma bai faru ba tukuna, bi ƙa'idar da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga mai waya, wannan na nufin waya, asusun intanet, da filashi ko faifan waje da ba ya haɗe da su kullum. Data na da tsada, na sani, amma kebul zuwa kwamfuta ba ya cin ko sisi.

Sannan ka yi abin da GitLab da Pixar ba su yi ba. A ƙarshen wannan makon, zaɓi fayil ɗaya daga kwafinka, ka sauke shi a wata na'ura, ka buɗe ka ga ko yana aiki.