Kuka a Farantin Attajirai, Gatari a Gindin Ɗorawa

Akwai wani irin gidan abinci a duniyar yau wanda ba a tambayar baƙo me zai ci. Kai dai ka kama wuri tun da makonni, wani lokaci ma da watanni, ranar da aka ba ka ka je ka zauna. Shugaban masu girki ya riga ya yanke abin da za a ci da yadda zai jeru. Za a yi ta kawo maka faranti bayan faranti, takwas, goma sha biyu, wani wurin har ashirin, kowanne ɗauke da abin da bai wuce loma biyu ko uku ba. Kafin ka kai hannu, ma'aikaci zai tsaya a gefenka ya yi maka bayanin abin da ke gabanka: inda ya fito, wanda ya noma shi ko ya kamo shi, da yadda aka sarrafa shi. Sai awa uku ta wuce kana zaune. Tun da ba mu da suna gare shi, bari in kira shi jerin ɗanɗano.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a Faransa cikin shekarun 1970, kuma masu girkin can sun ɗauki darasi daga Jafanawa, waɗanda suka daɗe suna jera wa baƙo ƙananan kwanuka bisa abin da kowane yanayin shekara ya kawo. Alƙalin wannan fage kuwa, abin mamaki, kamfanin tayar mota ne. A 1900 Michelin ya fara buga ɗan littafin jagora ga direbobi, don su yi ta tafiya tayoyi su ƙare su sayi sababbi. A 1926 ya fara ba wa gidajen abinci tauraro, kuma har gobe tauraron nan ɗaya yana iya sauya rayuwar mai girki. Daga baya aka yi El Bulli a bakin teku a Sifen, inda akan jera wa mutum fiye da kala talatin kafin a rufe shi a 2011. Sai kuma Noma a birnin Kofanhegan na Denmak, wanda René Redzepi ya fara jagoranta a 2003, aka zaɓe shi gidan abinci na ɗaya a duniya har sau biyar. Abin da ya ɗaukaka Noma shi ne komawa ga ganyen daji da saiwoyi da abubuwan da aka tsima, wato irin cimar da talakan ƙasarsu ya ci a da, jikokinsa suka raina.

Ni ma na taɓa zama a irin wannan teburi, kuma ba da kuɗina ba, don malamin jami'a a Nijeriya ya san iyakar aljihunsa. Wani taron ilimi ne ya kai mu tsibirin Zanzibar, a daren ƙarshe masu masaukinmu suka kai mu wani wurin shaƙatawa a bakin teku. Iska na kaɗawa, an kunna fitilu a cikin rairayi, ma'aikata sanye da fararen kaya suna tafiya kamar ba sa taka ƙasa. An tanadi giya kala-kala da za ta raka kowane faranti, mu da ba ma sha aka haɗa mana da ruwan 'ya'yan itatuwa. Kala tara aka kawo. Gaskiya ɗaya ce, girkin ya yi. Akwai wani ɗan yankin kifi da aka gasa a kan ɓawon kwakwa, wanda har yau in na tuna shi sai na haɗiyi yawu. Kuma saɓanin abin da ake yawan faɗi, ban tashi da yunwa ba.

A faranti na huɗu ne aka kawo wani romo mai tsami-tsami, ma'aikacin ya yi dogon bayani a kan wata itaciya mai albarka. Ina ɗanɗanawa na ji tsamiya ce, irin wadda ake dama kunu da ita a gidanmu da azumi. Na shida an barbaɗa masa wani koren gari da aka ce babu ganyen da ya kai shi gina jiki. Zogale ne. Abin zaƙin da aka rufe da shi kuma, mai sanyi kamar ƙanƙara, da ƙwame aka yi shi, wato garin 'ya'yan kuka da muke fasawa da dutse muna tsotsa a hanyar makarantar firamare a Kabo. Wata Baturiya da ke kusa da ni ta ɗauki hotonsa ta fuska uku kafin ta ci. Wani abokin aiki Basanagale ya dube ni, na dube shi, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da na leƙa takardar kuɗin, abin da aka biya wa kowane mutum ɗaya ya ninka fiye da sau biyu mafi ƙarancin albashin wata na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Nijeriya a Yulin 2024.

Mai karatu zai ce almubazzaranci ne, kuma ba zan yi masa musu da yawa ba. Su kansu mutanen wannan harka sun yi wannan muhawara. A 2017 Noma ya kwashi ma'aikatansa ya kafa rumfa ta makonni bakwai a Tulum, wani garin shaƙatawa a gaɓar tekun Meksiko, ana biyan Dala 600 kan kowane mutum, ban da haraji da ladan hidima. Matan karkarar yankin ne ke gasa wainar masarar da ake ci, amma su da danginsu ba su isa su zauna a teburin ba. Babban mai sharhin abinci na jaridar New York Times a lokacin, Pete Wells, ya rubuta cewa ba zai je ya yi sharhi a kansa ba. An kuma soki Noma kan dogaro da masu koyon aiki da ba a biyansu, sai a ƙarshen 2022 ya fara biyansu, kuma a Janairun 2023 Redzepi da kansa ya bayyana cewa wannan tsari ba mai ɗorewa ba ne. Saboda haka ba na cikin masu ganin duk abin da ke kan farar tasa abin koyi ne.

To sai dai tsinuwa abu ne mai sauƙi, kuma ba ta ƙara wa mai daddawar Getso ko sisi. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne: me attajirin nan yake saya da wannan kuɗi? Tsamiyar da ke farantinsa ba ta kai ta Naira hamsin ba. Yana sayen ƙwarewar mai girki, ba shakka, da iskar teku. Amma babban abin da yake biya shi ne suna da labari. Ana gaya masa gonar da abu ya fito, da garin da aka tsima shi, da hannun da ya yi. Abincin da ke da suna yana da farashi, wanda ba shi da suna kuwa a buhu ake auna shi. Zoborodon da ake lodawa daga Maigatari da Dawanau, kaso mai yawa Meksiko yake tafiya, inda ake jiƙa shi a sha da sunan jamaika. Mai shan sa a Tulum bai taɓa jin sunan Jigawa ba, manomin da ya tsinke shi kuma bai san nawa ake sayar da kofi ɗaya ba.

Wasu 'yan Afirka ta Yamma sun gane wannan sirri. A Landan akwai wata mata, Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna. Sunan gidan abincinta Chishuru, daga Hausarmu ta "ci shiru", wato shirun da ke sauka idan abinci ya yi daɗi. A cikin abin da take jerawa har da sinasir da yaji. A Fabrairun 2024 ta samu tauraron Michelin, ta zama baƙar mace ta farko da ta same shi a Birtaniya. Akwai kuma Fatmata Binta, Bafulatana haifaffiyar Saliyo mazauniyar Gana, wadda ke shimfiɗa wa baƙinta tabarma su cire takalma su zauna su ci acca da man shanu da daddawa. A 2022 ta ci babbar kyautar girki ta yankin Basko da ke Sifen, mai ɗauke da Yuro 100,000, kuma ita ce ta farko daga Afirka. Turai ta amince a shigar mata da garin 'ya'yan kuka tun 2008, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya bi titin Gwarzo daga Kano, ya wuce Rimin Gado ya nufi Kabo, zai ga buhunan gawayi da tarin itace a gefen hanya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma iskar gas ta yi tsada, gidajen birni da dama sun koma gawayi, gawayin kuma daga wata bishiya ya fito. A da manomi ba ya sa wa ɗorawa gatari. Gado ce, akan ma raba gona a ce ɗorawar ta wane ce. Garinta a sha, makubarta a yi daɓe da yaɓen soro, kalwarta a yi daddawa. Baturen nan masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Bayero, ya shafe shekaru yana nuna wa duniya cewa manoman kewayen Kano, duk da yawansu, suna kiyaye itatuwan gonakinsu. Abin alfahari ne a lokacin. Yau matsi ya sa mutum yana sayar da bishiyar da kakansa ya raina a kan kuɗin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba, alhali ɗorawa kan kai shekara goma kafin ta yi 'ya'yan kirki.

Ita daddawar ma, mu dubi aikin da ke cikinta. A dafa kalwa kusan yini guda har ta yi laushi, a surfa ta a turmi a cire ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta tashi, sannan a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Masana ƙananan halittu sun gano cewa wata ƙwayar bakteriya ce ke yin aikin, amma matar da ke yi ba ta da ma'aunin zafi. Da hanci da tafin hannu take sanin ta nuna. Wannan shi ne irin ilimin da Noma ya buga wa littafi guda a 2018 duniya ta yi ta saye. A wurinmu kuwa 'yar da ta yi boko tana toshe hanci, ta jefa dunƙulen Maggi uku a tukunya. Idan tsohuwar ta rasu, hannun ya tafi da ita. Da yawan abin da ake sayarwa da sunan daddawa yanzu ma na waken suya ne, saboda kalwa ta yi wuya.

Laifin ba na 'yan mata kaɗai ba ne. Mu 'yan boko mu ne kan gaba. Wane ne a cikinmu zai yi babban baƙo ya sa a tuƙa masa tuwon dawa miyar kuka da man shanu, ba tare da ya fara ba da haƙuri ba? A bukukuwanmu an kori dambu da fate da burabusko da ɗanwake, an maye gurbinsu da soyayyiyar shinkafa da kabeji a robar da za a jefar a kwata. Na halarci tarurruka a manyan otal-otal na Kano inda baƙi daga ƙasashen waje suka roƙi a ba su abincin gari, aka rasa.

Ba ina kira a gina wurin shaƙatawa a bakin madatsar Guzuguzu ko Magaga ba ne. Mun ga otal ɗin Bagauda da aka gina zamanin Audu Bako, wanda a yau makarantar horar da lauyoyi ce ke cikinsa. Gini ba shi ne matsalarmu ba. Abin da ke gabanmu ya fi wannan araha. Kamaru ta yi wa barkonon Penja rajistar asali a 2013, ta yadda ba wanda zai sayar da wani barkono da wannan suna, kuma farashinsa ya tashi a hannun manoma. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wannan hanya da albasar Galmi da kilishinsu. Me zai hana matan da ke daddawa a Getso ko Garo su haɗu a ƙungiya, a tsara musu tsafta da ma'auni da ƙunshi, a rubuta sunan garinsu a jiki? Sassan kimiyyar abinci na jami'o'inmu suna da ɗakunan gwajin da za su iya wannan. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, tare da hakimai da dagatai, suna da ikon hana saran ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya, amma hanin ba zai yi aiki ba sai ranar da bishiyar ta fi kawo wa mai gona kuɗi tana tsaye. A jihar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture yana girma a gonakinsu, kuma an ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Ba su fi mu ruwan sama ba.

Ina da roƙo ga ɗaliban da za su je gida hutun nan, musamman 'yan yankinmu. Kowa ya zaga gonar gidansu ya ƙirga ɗorawar da ke tsaye, sannan ya tambayi mahaifinsa ko kakansa nawa ne a ciki lokacin da ya gaje ta. Ya kuma nemi tsohuwar da ta fi iya daddawa a unguwarsu, ya gaishe ta da ladabi, ya zauna ya rubuta yadda take yi daki-daki, da irin ganyen da take rufewa da shi, da wanda ya koya mata. A aiko mini ta ofishin wannan jarida, a sa sunan gari da mazaɓa. Abin da ya samu zan kawo shi a wannan fili bayan an dawo karatu, in Allah ya kai mu.