Hawan Dutse Ba Haukan Turawa Ba Ne

A wajen yawancinmu, duk wanda ya goya jaka a baya, ya nausa dawa da ƙafa don ya kwana uku yana hawan dutse, to ko dai Bature ne da kuɗi suka yi wa yawa, ko kuwa namu ne da ya rasa abin yi. Tambayar da za a fara yi masa ita ce, "Me ka ajiye a can?" Hutun mai hali, a ganinmu, shi ne Dubai ko Alƙahira, ɗaki mai sanyi da kantuna. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma asarar da yake jawo mana ta wuce yadda muke zato.

Ku tambayi ɗaliban jami'a goma a Kano ko Zariya sunan dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, ku ga nawa za su amsa. Sunansa Chappal Waddi, ana kuma ce masa Gangirwal, tsawonsa mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru. Yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991 bayan an haɗe gandun Gashaka da na Gumti. Shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, hedkwatarsa tana Serti. Akwai ɓauna da dorina da birin nan cimfanzi, wanda masana daga wata jami'ar Landan suka kafa sansanin nazarinsa a can a shekarar 2000. Ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsunsa su ke ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. A kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka har yau akwai kufan ganuwar Jamusawa, domin yankin yana ƙarƙashin Kamarun Jamus ne a da, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya. Baƙo ya tashi daga Ingila ya zo ya ga duk wannan. Mu da Hausa da Fulatanci za su kai mu ko'ina a yankin ba tare da tafinta ba, mun ce wahalar banza ce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ce wai tafiyar ƙasa ba al'adarmu ba ce. Tun yaushe? Fatakenmu da ƙafa suke zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya, su kwana a zango. Kakanninmu da ƙafa suka ratsa Chadi da Sudan zuwa aikin Hajji, wasu suka shekara da shekaru ba su isa ba, jikokin waɗanda suka yada zango suna Sudan har gobe. Kano a gindin Dala ta tashi, tarihin Zazzau yana jingine da Turunku da Kufena. Ko a bana alhazanmu, har da dattawa mata, za su hau Jabalun Nur don su ga kogon Hira, ba wanda zai ce musu sun haukace. Motar da ta zo mana jiya ce ta sa muka fara ganin tafiyar ƙafa alamar talauci, har ta kai mutum ya hau babur zuwa masallacin da ke bayan gidansa, alhali hawan jini da ciwon suga suna ta ƙaruwa a biranenmu.

Za a ce ai babu tsaro, kuma ba zan musa ba. To amma mu duba yadda dazuzzukan suka kuɓuce mana. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da duniya ta san shi da shi. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, yau sunansa kawai ke tayar da hankali. Ban ce rashin masu yawon buɗe ido ne ya haifi 'yan bindiga ba. Abin da nake cewa shi ne, wurin da ba ma zuwa, ba mu san shi ba, ba mai tambayar ɗan majalisarsa nawa aka ware masa a kasafin kuɗi, ba kuma mai lura ranar da aka daina biyan ma'aikatansa alawus. Gidan da masu shi suka daina leƙawa, ɓarawo ke fara sanin ƙofofinsa. Lokacin da masu saran madobiya suka yi wa dazuzzukan Taraba tsinke don kai katakon ƙasar Sin, mutum nawa ne a garuruwanmu suka damu? Da akwai dubban 'yan Najeriya da suka taɓa kwana a gindin itatuwan nan, da kukan ya kai Abuja da wuri. Gashaka Gumti bai kuɓuce ba tukuna. Wata gidauniya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, tana aiki da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen horar da masu gadinsa. Sai dai masu gadi kaɗai ba su isa su riƙe daji mai wannan girma ba, in jama'ar gari ba su san da zamansa ba.

Ga kuma maganar abinci. Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, dubban mutane ke hawansa kowace shekara, kuma doka ta hana hawa ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, saboda haka 'yan dako da masu dafa abinci da direbobi duk suna ci daga jikinsa. Ruwanda tana karɓar dala 1,500 a hannun kowane baƙo da ke son ganin gorila na awa ɗaya. Ba sai mun kai can ba. Matafiya ashirin da suka sauka Serti za su ɗauki ɗan jagora, su biya masu dakon tanti, su sayi nono da man shanu a rugagen Fulanin da doka ta bari su zauna a wasu tuddan gandun. Saurayin da ya sami kuɗin jagora sau biyu ya fi kowa sanin cewa biri mai rai ya fi masa amfani a kan wanda aka banda.

Hanyar ba ta da sauƙi. Daga Jalingo a bi ta Bali zuwa Serti, a nemi izinin hukumar gandun, a tafi da ma'aikacinta, a kuma zaɓi rani, tsakanin Disamba da Maris, kafin rafuka su cika. Ana bukatar takalmi mai ƙarfi da rigar sanyi, don daren tudu ba irin na gida ba ne. Wannan duk bai fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai ba. Jami'ar Jihar Taraba da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola suna cikin waɗanda suka fi kusa, su ya kamata su fara: sashen nazarin ƙasa da na gandun daji su sa tafiyar cikin manhaja, kada ɗalibi ya karɓi digiri bai taka gandun ba. Gwamnatocin Taraba da Adamawa kuma su ɗauki kuɗin mota da na 'yan rakiya.