Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗaukar Hoto a Titi

'Yan'uwa ma'abota kyamara,

Maganata a kan hotunan da kuka fi alfahari da su ce: dattijo yana share hawaye a bakin maƙabarta, uwa tana shayar da jinjiri a tasha, saurayi da budurwa suna zance a ƙofar gida bayan magariba. Kukan ce hoto ya fi armashi in mai shi bai ankara ba. Haka ne. Sai dai yabon ku ake yi wa, kunyar kuwa shi ake bar wa.

Ku tuna hoton da Alfred Eisenstaedt ya ɗauka a dandalin Times Square na birnin New York ranar 14 ga Agusta 1945, da labari ya iso cewa Japan ta miƙa wuya: sojan ruwa ya rungumo wata mata mai fararen kaya yana sumbatarta. Mujallar Life ta buga, duniya ta yi ta tafi. Greta Friedman, wadda aka fi yarda ita ce matar, ta bayyana a wata hira a 2005 cewa ba ta san mutumin ba, ba kuma da son ranta aka yi ba, cafke ta kawai ya yi. Shekara sittin ana sayar da abin da ya same ta da sunan murna.

Robert Doisneau kuwa, mai hoton masoyan nan na birnin Paris na 1950, sai da shari'a ta taso a farkon shekarun 1990 ya amsa cewa roƙon su ya yi suka tsaya masa. Wasu sun ce ya yi ha'inci. A ganina laifinsa ɗaya ne, shirun da ya yi tsawon shekaru. Neman izinin bai rage wa hoton komai ba.

Na san za ku ce titi na kowa ne. A Amurka ma kotu ta kori ƙarar wani dattijo Bayahude da Philip-Lorca diCorcia ya ɗauka a ɓoye ya sayar da hotonsa. To, kotu ba ta auna abin da zai biyo baya a unguwa. A nan, kafin ka isa gida hoton ya zaga WhatsApp. Yarinyar da ka kama tana dariya da saurayi, ƙila an riga an kai kuɗin aurenta daga wani gidan. Magidancin da ka ɗauka yana miƙa hannu karɓar sadaka a ƙofar masallaci, surukansa suna da waya. Ya fito ne neman rufin asiri, kai kuma ka tona.

Wanda ya fi ba ni tausayi almajiri ne. Yana barci a gindin katanga, roba a gefe, ƙafa duk faso. Me ya sa hotonsa ya yi yawa a hannunku? Don babu uba a kusa da zai ce kai malam, lafiya? Ɗan mai kuɗi a ƙofar gidansu, wa ya isa ya saita masa kyamara?

Ban ce ku daina ba. In tambaya za ta kashe lokacin, ɗauki, sannan ka ƙarasa wurin wanda ka ɗauka, ka yi sallama, ka nuna masa fuskar kyamarar, ka faɗa masa inda za ka sa. In ya ce goge, goge a gabansa, kada ka bar kwafi. Hannuwa, baya da inuwa sukan ba da labari ba tare da fuska ba. A wurin jana'iza ka sauke kyamara har sai dangi sun ce bismillah. Kuma in za ka rubuta bayani a ƙasan hoto, kada ka kira mace bazawara ko yaro maraya alhali ba ka tambaya ba.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a