Kafin Mu Yi Kwalliya da Wuta, Mu Fara Korar Duhu

 

Ya 'yan'uwana matasa, wani kwaɗayi ya shigo mana ta intanet. Tun da aka fara bikin Noor Riyadh a Saudiyya a 2021, inda ake ƙawata tituna da gine-gine da zane-zanen haske, samarinmu ke ta yaɗa hotunan suna tambaya: yaushe gwamnoninmu za su yi mana irin wannan? Wasu har da kafa hujja da cewa ai a ƙasar Harami ake yi.

To, aikin wata gwamnati ba hujja ba ne a shari'a. Kuma kowane biki da asalinsa. Na birnin Liyon a Faransa, wanda ya shahara a duniya, ya samo tushe ne daga daren 8 ga Disamba 1852, lokacin da Kiristocin garin suka jera kyandir a tagogi don girmama Nana Maryamu. Ban ce fitila haramun ce ba. An ruwaito cewa sahabi Tamimud Dari ne ya fara kunna fitilu a masallacin Manzon Allah (SAW), aka kuma yaba masa. Amma shi duhu ya kora don mutane su yi sallah.

Mu dubi gida. Mutumin Tsohon Birnin Gwari, da na ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, ya san abin da faɗuwar rana take nufi. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. A Oktoban 2024 aka lalata layin lantarkin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da lantarki. Ungozoma tana karɓar haihuwa da tocilan, ɗalibi yana tilawa da hasken waya, mu kuma muna roƙon a haska mana shataletale da launi bakwai? Wannan ai kwalliya ce da cikin yunwa!

Malamai sun jera buƙatu hawa uku: larura, sannan buƙata, sannan ƙawa. Wanda ya fifita ta ƙarshe a kan ta farko da dukiyar jama'a, ya karanta gargaɗin Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, a kan almubazzaranci.

Sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu. Idan har muna son haske, mu nemi fitilun sola a asibitin ƙauye, da bakin rijiya, da makarantar dare. Ƙungiyar matasan unguwa ɗaya ma tana iya haɗa kuɗin fitila guda. Ladanta kuwa yana gudana muddin tana ci.

Allah Ya haskaka zukatanmu da garuruwanmu, amin.