Kafin Ka Sayar Da Rumfarka Saboda Dutse

'Yan uwa na Fatakwal, Anaca da Inugu.

Tun bayan sallah, duk majalisar da na zauna a Gariki maganar dutse ake yi. Wani ƙanena ya sayar da rumfarsa ta albasa a bakin gadar Anaca ya tafi Nasarawa haƙar litiyam, sinadarin batirin waya da mota. Wata biyar ya dawo, ko kuɗin mota sai da aka tura masa.

Ban ce dutsen ƙarya ba ne. Akwai shi. Masana suna kiran uwar dutsen pegmatait, jijiya ce mai manyan ƙwayoyi da ta ratsa daga wajen Wamba da Keffi har ƙasar Oyo. A cikinta ake samun kuza, tantalait, tomalin da akwamarin. A Mayun 2024 ma an buɗe masana'antar tace litiyam ta 'yan Sin a jihar Nasarawa.

Amma ga abin da ba a faɗa a majalisa. Wannan jijiya ba ta raba arzikinta daidai. Sai rami ɗaya ya faɗa kan aljihu cike da tomalin, na kusa da shi a yi wata uku ana fasa farin dutse na banza. Labarin na farkon ne kawai ke iso mana kudu. Sannan in an fito da dutsen, mai haƙa bai san nawa ne sinadarin da ke ciki ba. Mai saye ya sani, don shi ke da na'urar gwaji, shi kuma ke yanka farashi. Ga dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, wanda ba shi da lasisi kullum cikin gudu yake.

Mu da ke zaune nan bai kamata a ba mu labari ba. Kwal ne ya kafa Inugu, kuma don fitar da shi Turawa suka ja layin dogo zuwa Fatakwal. Masu haƙar fa? A 1949 'yan sanda suka harbe 21 daga cikinsu a Iva Valley suna yajin aiki.

Shawarata, in dole sai ka shiga, bar rumfarka a buɗe. Ka zauna gun tsohon dillalin duwatsu a Jos ka koyi bambance tomalin da fasasshiyar kwalba tukuna. Kuma don Allah kada a tura yaran makaranta rami. Ƙanen nawa yanzu yana tsaron shagon wani, a layin da rumfarsa take.