Tsohuwar Fankar Banɗaki: Ƙara Ba Aiki Ba Ce

Makewayin gidajenmu na gargajiya ba shi da rufi. Rana da iska su ne ke busar da shi, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Da muka koma ginin zamani sai muka shigo da banɗaki cikin ɗakin kwana, muka rufe shi da silin, muka bar masa 'yar taga da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Aikin da rana da iska suke yi sai ya koma wuyan wata 'yar fanka mai zuƙe iska da ake maƙalawa a bango. A gidaje da dama wannan fanka ta tsufa, tana ta gurnani amma ba ta fitar da komai. Ra'ayina shi ne, sauya ta ba ƙawa ba ce. Al'amari ne na lafiyar iyali.

Bari mu fara da abin da ido ba ya gani. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar tururin ruwa kimanin giram 30 a kowace mita kubik, amma idan ta huce zuwa digiri 20, giram 17 kawai take iya riƙewa. Ragowar sai ya sauka a matsayin raɓa a kan madubi da bango da silin. Wannan laima ita ce abin da funfuna ke jira. Ƙwayoyin irinta suna yawo a iskar kowane gida, kuma jinsuna irin su Aspergillus da Penicillium da Cladosporium ba su buƙatar komai illa danshi da ɗan abinci: dattin sabulu, fenti, katako, ko kwalin silin. Baƙin tabon nan da mai karatu ke gani a kusurwar banɗaki, musamman a tsakiyar damina, ba datti ba ne kawai. Halitta ce mai rai, tana ci tana hayayyafa.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da funfuna a cikin gidaje. Ta nuna cewa mazauna gidaje masu danshi sun fi fuskantar tari da cututtukan numfashi da tsanantar ciwon asma. Bugu da ƙari, kyankyasai ma danshi suke bi, kuma kashinsu yana tayar wa masu asma ciwo. To, idan ƙofar banɗakin cikin ɗakin kwana take buɗewa, iskar da yaro zai kwana yana shaƙa ke nan.

Yaya za a gane fanka ta gaza? A kunna ta, a kara mata fallen takardar bayan gida. In ta riƙe takardar, da sauran ƙarfinta. In takardar ta faɗi, ƙarar banza take yi. Wani lokaci ƙurar hunturu ce ta toshe fukafukanta, wankewa kawai take so. In an wanke ba ta farfaɗo ba, sai sabuwa.

Wajen sayen sabuwa, a duba yawan iskar da take fitarwa, wanda ake rubutawa a jikin kwali. Dokar gini ta Ingila ta nemi aƙalla lita 15 a daƙiƙa ga ɗakin wanka, ƙa'idar injiniyoyin Amurka kuwa lita 25. Alal misali, banɗaki mai faɗin mita 2, tsawon mita 2, da bisa mita 3, yana ɗauke da iska lita 12,000. Fanka mai lita 25 za ta ja kwatankwacin wannan cikin minti 8. Sai dai bango da tawul suna ci gaba da fitar da danshi bayan an gama wanka, don haka ake ba da shawarar a bar ta tana aiki kamar minti 20. A kuma zaɓi marar hayaniya, domin fankar da ke hana barci ba wanda zai kunna ta.

Abu mafi muhimmanci shi ne inda iskar za ta. Wasu magina sukan bar fankar tana hura tururi cikin silin. Wannan ɓoye ciwo ne: katakon rufi zai jiƙa ya ruɓe, funfuna ta yi gida inda ba mai ganinta. Wajibi ne bututu ya fita har waje, gajere kuma miƙaƙƙe, da marfi a bakinsa mai rufe kansa don hana sauro da tsaka da ƙura shigowa. A kuma bar 'yar kafa a ƙarƙashin ƙofa, domin fanka ba ta iya fitar da iska in wata ba ta shigo ta maye gurbinta ba. Haɗa wayar kuwa a bar wa ƙwararren mai aikin lantarki, bayan an kashe wutar gidan, domin ruwa da wuta ba sa ga maciji.

Wani zai ce, ina amfanin fanka ga wanda wutarsa ke zuwa jefi-jefi? Ƙorafin yana da hujja. Amma wutar da irin wannan fanka ke ci ba ta kai ta fankar silin ba, ƙaramin batirin sola ma yana ɗaukarta. In ba wuta, a buɗe taga, a tsane ruwan ƙasa, a shanya tawul a waje. Wanda bai gina ba tukuna, ya ba banɗakinsa taga ta kirki tun daga zane.

Mukan kashe dubbai a kan tayil da madubi, mu manta da iskar da za mu shaƙa. Kuɗin fanka ɗaya bai kai na jinyar yaro mai asma ba. Yau ɗin nan mai karatu ya ɗauki fallen takarda ya gwada tasa.