Kare a ɗaure, maigida a gidan kallo

A Kwoi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, su Nok, Fai, Chori da Daddu, kare ba baƙo ba ne. Da shi aka tashi. Shi ke raka mutum gonar citta da asuba, shi ke gaba in an fita farauta da rani, shi ke kwana a ƙofar gida. Tun da tsaro ya taɓarɓare a kudancin Kaduna kuma, darajarsa ta ƙaru. Gidan da a da ke da ɗaya yanzu yana da biyu, masu hali har sukan sayo manyan karnukan Turawa daga Jos ko Abuja, a gina musu keji a bayan gida.

To amma tsayar da maigidan nan ka tambaye shi yaushe aka yi wa karensa Bingo allurar rigakafin haukan kare. Sai ya sosa ƙeya, ya ce, "Ai lafiyarsa lau, bai taɓa cizon kowa ba." Bar wannan, tambaye shi me ya sami ɗan bayan Arsenal da bai buga ranar Asabar ba. Nan take zai gaya maka wace ƙafa ce, a minti na nawa ya ji ciwon, mako nawa zai yi yana jinya, har da ra'ayinsa a kan likitocin kulob ɗin. Wannan ne ke damuna. Ba son ƙwallo nake zargi ba. Abin da nake zargi shi ne yadda hankalinmu ya tattara ya koma kan abin da ba ya bukatar komai daga gare mu, muka bar na cikin gida da ke da hakki a wuyanmu. Gida bai ƙoshi ba, ana ta kai wa dawa.

Maganar allurar nan ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma wajen huɗu cikin goma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalilin a fili yake: yaro ne ke wasa da kare, shi ke jan wutsiyarsa, shi ne kuma zai ɓoye ɗan cizo ko yaƙushi don kada a doke shi. Cutar tana da haƙuri. Takan kwanta wata biyu ko uku tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, a lokacin ciwon ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamunta suka bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, yawu na zuba, to magana ta ƙare. Babu asibitin da zai iya dawo da shi, ko a Kafanchan ko a Landan.

Abin takaici, cuta ce da aka san rigakafinta tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira. Mu kuwa ba mu da uzurin nisa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana nan Vom, a kan hanyarmu ta Jos, tun shekarun 1920, kuma tana cikin masu haɗa wannan allura ta karnuka. Ana yi wa ɗan kwikwiyo in ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Masana sun ce in aka yi wa bakwai cikin kowane kare goma na gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ke nan allurar karenka ba kai kaɗai take karewa ba, har da ɗan maƙwabcinka da ke bi ta ƙofar gidanka zuwa makaranta.

In kuma tsautsayi ya faru, kare ya ciji mutum, abu na farko ba barkono ba ne, ba toka ba, ba sassaƙe ba. Ruwa ne da sabulu, a yi ta wanke wurin har minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don a fara jerin allurai. Karen kuma a tsare shi kwana goma ana lura da shi. A nan ne muke yawan yin kuskure. Da zarar ya yi cizo sai a fusata a kashe shi, ko a yi maza a sayar wa masu fataucin karnuka don kada a yi asara. Ba na shiga maganar wanda ke cin naman kare da wanda ba ya ci, wannan tsohon zance ne a ƙasarmu, kowa da al'adarsa, kasuwar Dawaki ta jihar Filato ma da wannan ciniki ta yi suna. Amma wanda ya sayar da karen da yake zargi, ya san cewa akwai mai yanka shi da hannu, wataƙila da ɗan rauni a yatsa. Ya cire matsalar daga gidansa ya ɗora wa bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan cin amana ne, ko da kuɗin da aka karɓa an kai shi baiko.

Ban da allura, akwai zaman yau da kullum. Karen gargajiya dai yana yawonsa, ya ci abin da ya samu a bola, ya dawo. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na masu hali. An kashe kuɗi an sayo shi, an ɗaure shi da sarƙa ko an rufe shi a keji tun safe har dare, ƙwaryar ruwansa ta bushe tun hantsi, kaska ta cika masa kunne. Wasu ma da gangan suke yi, wai don ya yi zafi. Zai yi zafin kuwa, sai dai ba zai bambanta ɓarawo da jikan maigida ba. Kirista da Musulmin garin nan ba su da saɓani a kan wannan. Littafin Misalai ya sa kula da ran dabba cikin alamomin mai adalci. Malamai kuma na kawo labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a takalminsa, Allah ya gafarta masa saboda haka. Wanda ba ya son kare, babu wanda ya tilasta masa ya ajiye. Wanda ya ajiye, ya ɗauki kaya.

Kuma in an duba, wa ke ɗauke da kayan? Uwargida ce ke kankare ƙanzo ta zuba masa, yara ne ke share kashinsa. Maigida sunan mallaka kawai gare shi.

Yana ina? Yana gidan kallo. Na san daɗin wurin, ba sai an ba ni labari ba. Ƙarar janareto, benci a jere, zufa, ihu, tsokanar da ke tsakanin 'yan Chelsea da 'yan Manchester United. A garin da aka sha wahala, musamman bayan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta bar manoma da bashi, minti 90 na mantuwa ba ƙaramar rahama ba ce. Wuri ne kuma da ɗan ƙabilar Ham da Bahaushe da Bafulatani da Ibo ke zama a benci ɗaya ba mai tambayar wani inda yake ibada. Son kulob ɗin Ingila ma yana da asali. Kanu ya je Arsenal a 1999 ya ja mutane da yawa. Mikel Obi, haifaffen Jos, ya shiga Chelsea a 2006 ya kwashi rabin yankin nan. Amma abin da ya fara da yammacin Asabar yanzu ya cinye mako. Asabar da Lahadi gasar Ingila, da dare a koma Sifaniya da Italiya, Talata da Laraba gasar zakarun Turai har wajen sha ɗaya na dare, Alhamis ma ba a bar ta ba. Sai ga shagon caca a maƙale da gidan kallon. Yaron da ya yanki tikiti ba ƙwallo yake kallo ba kuma, lissafin kusurwa da katin gargaɗi yake yi, cikinsa na ɗurar ruwa. In tikitin ya yanke, gida za a kai fushin.

Akwai wata irin soyayyar wasa da ta bambanta da wannan. A Japan wasan da ya fi cin zuciyarsu shi ne bezbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda a zaga fili a guje. Suna da manyan ƙwararru, wasu har Amurka suke bugawa, amma gasar da ke tsayar da ƙasar a watan Agusta ta 'yan sakandare ce. Tun 1915 ake yin ta, a filin Koshiyen ake bugawa, kowane lardi ya turo makarantar da ta yi fice, mutanen garin su cika motoci su bi 'ya'yansu. Mu ma ba mu rasa abin bi ba. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010 bayan ta doke Enyimba, Plateau United ta ci gasar ƙasa a 2017, Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ya fito. Kusa da wannan ma, ga gasar unguwanni da ƙauyuka da ake yi lokacin Kirsimeti, ga wasannin makarantu. Uba nawa ne ya taɓa tsayawa bakin fili ya ga ɗansa na buga wa makarantarsu? Ɗan wasan Landan bai san da zamanka ba, ko ka yi ihu ko ka yi shiru albashinsa na nan. Yaron nan kuwa waiwaye yake yi yana duba ko ka zo.

Ina da shawara ga masu gidajen kallo. Allon nan da kuke rubuta wasannin rana da alli, babu rubutun da ya kai shi samun masu karatu a garin nan. In ma'aikatan lafiyar dabbobi za su fito yin allura, musamman wajen 28 ga Satumba da duniya ta ware don yaƙi da haukan kare, ku bar musu layi ɗaya a ƙasan allon.

Kallon ƙwallo kuma ba motsa jiki ba ne, amma wannan batu ba sai na tsawaita ba. Manomin da ke huɗar citta, da macen da ke tashi da buhu a ka, ba su bukatar wa'azina, hutu suke bukata. Da ma'aikaci nake, da mai shago, da saurayin da ko ƙarshen layi za shi sai ya tari babur. Abin da likitoci ke nema bai taka kara ya karya ba: minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa a kwana biyar. Hawan jini da ciwon suga da muke cewa na mutanen birni ne sun iso ƙauye tuni. Mai kare ma ya huta da neman dalili. Kwance sarƙar, sa masa igiya, ku zaga kafin rana ta faɗi. Shi ya rage cizo, kai ka rage tumbi.

Na bar karatu a ƙarshe don, cikin abubuwan da muka yi wa sakaci, shi ya fi yi mini ciwo. Kwoi ba garin da za a koya wa darajar littafi ba ne. Tun 1910 mishan ta SIM ta kafa tasha a nan, tun Arewa da Kudu ba su zama ƙasa ɗaya ba. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, a irin waɗannan garuruwa ya sami masu karatu, manoma da suka koyi baƙi da wasali a ajin yamma don su karanta da kansu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, kwafi ɗaya ya zaga hannu goma, mai iya karatu ya karanta wa marasa iyawa. Da wannan ƙishi ne ƙasar Ham ta cika Arewa da malaman makaranta, ma'aikatan jinya, hafsoshi da manyan ma'aikatan gwamnati. Iyayen da suka yi wannan da fitilar aci-balbal suka yi shi.

Yau shiga falo ka duba. Talabijin na nan, hotunan bikin kammala digiri sun cika bango, littafin da ke kan tebur kuwa tsofaffin tambayoyin JAMB ne da WAEC. Karatu ya zama abin da ake yi don a ci jarrabawa, ana gamawa a yar. Za a ce babu wuta, amma wayar kowa a cike take da caji kafin a take wasa. Za a ce littafi ya yi tsada, kuma gaskiya ne, sai dai tikitin caca ma ba kyauta ake ba da shi ba. Ainihin dalilin shi ne yaro bai taɓa ganin babansa zaune da littafi ba, in ban da ranar Lahadi ko Juma'a. Ba a gadon abin da ba a gani ba. Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa na coci da masallaci, da ke iya haɗa kuɗin anko da kayan kiɗa cikin wata guda, ba za su kasa sayen akwatin littattafai a riƙa ba da aro ba. A sa Magana Jari Ce a ciki, a sa littattafan labarai na Turanci, a sa duk abin da aka samu da harshen Hyam na mutanen Ham, a sa na noma da kiwon lafiya.

A kuma nemo wanda ke ba da tarihin Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu a wannan ƙauye namu. A shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane cewa irin waɗannan gumaka aikin wata tsohuwar al'umma ce, ya sa mata sunan ƙauyen. Mutanen nan suna narka ƙarfe tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Ayyukan hannunsu na gidan tarihi na Jos, wasu har a birnin Faris, ɗalibai a jami'o'in Jamus na rubuta digiri a kansu. Ɗan sakandaren Kwoi da zai jero maka 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya har da na benci, da wuya ya yi maka bayanin minti biyu a kan wannan. Nok ba ta da nisa, kuma akwai ɗan gidan tarihi a can. Mutum zai iya kwasar yaransa ranar Asabar da safe su je su gani su dawo, wasan farko ba ya farawa sai bayan tsakar rana.